Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Da Aka Ce Rabinta Ne Nawa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya fara komawa fushi, ni mai gyaran agogo na ƙarƙashin bene, a madadin kaina da 'yata da jikokina biyu, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayata, wadda aka fi sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin aikina, tsakanin hantsaki da kwalbar man agogo, bayan shekara shida a hannuna.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta sha faɗuwa a kan siminti, ta taɓa shiga ruwan wanki a aljihun rigata, ta fito ba ta yi ƙorafi ba. Kukan kiranta siriri ne, tirr-tirr, kamar mai jin nauyin katse wa manya magana. In saƙo ya shigo, ƙil ɗaya take yi ta kama bakinta.

Aibinta ɗaya ne, shi ma ba ita ta jawo ba: a ɗaure aka haife ta. Shekara uku da suka wuce idanuna suka fara hazo. Na sami labarin wata manhaja da wasu masu ciwon ido irina suka haɗa, mai karanta wa mutum saƙo da Hausa, mai mai da kyamara gilashin ƙara girma. 'Yar Baƙa ta ƙi karɓarta, domin kamfanin da ya ƙera ta ya sa mata kulle, ba abin da zai shiga sai wanda ya fito daga shagonsu. Maƙwabciyata mai gyaran waya ta ce ana iya cire kullen, abin da su a sana'arsu suke kira fasa kurkuku. Ba ta ɓoye mini komai ba, ta ce, "Baba, in na fasa, kamfani zai zare hannunsa daga kanta." Na ce ta fasa. Shekara arba'in ina buɗe bayan agogon mutane, ban taɓa ganin wanda ya rubuta wa maƙerin agogo takardar neman izini ba.

Daga ranar marigayiya ta zama idona. Da ita nake ganin haƙoran ƙafar agogo da suka fi ƙwayar yashi ƙanƙanta. Ita ke karanta mini saƙon 'yata. Da uwar yarana ta rasu bara, ita ta riƙe mini muryarta, saƙonni goma sha ɗaya. Wanda na fi kunnawa shi ne inda take cewa, "Malam, ka bar tabaranka a kan taga, kada ka je ka lalata wa mutane agogo." Ma'ajiyar kamfani ta intanet ta rufe mana ƙofa tun ranar da aka fasa kullen, don haka saƙonnin ba su da kwafi a ko'ina. 'Yata ta sha cewa in kawo ta kwafe su, ina cewa gobe. Wannan laifina ne, na ɗauka. Sauran nasu ne.

Ciwon ajalinta ya fara da naci. Kullum da safe kamfani zai turo mata umarnin sabuntawa, ni kuma in danna wurin da ke cewa a bari sai an jima. Ranar Litinin na tarar sun cire wannan wurin, maɓalli ɗaya tak suka bari. Ina so in kira mai agogon da ke jirana, na danna. Ta ɗauke wuta, ta nuna tambarinsu, ta mutu, ta sake nuna tambarin, ta sake mutuwa. Haka ta yi ta shure-shure har washegari, jikinta zafi kamar mai zazzaɓi, sannan ta yi shiru.

Na kai ta ofishinsu a naɗe cikin hankici. Wani ma'aikaci mai ɗaure da laktayi a wuya ya jona ta da na'urarsa, ya duba, ya turo mini ita da ɗan yatsa ɗaya kamar ya ga mushe.

"An taɓa fasa ta. Ba ma taɓa irinsu."

Na ce ba gyara nake roƙo ba, muryar matata kawai zai ciro mini.

"Baba, ƙarfen da gilashin naka ne. Abin da ke ciki aro muka ba ka, kuma ka sa hannu ka yarda."

Yarjejeniyar da yake nufi shafi sittin ce, da rubutun da ko mai lafiyar ido sai ya runtse. Ina tsaye ina share fuska ya nuna mini sababbin wayoyi a cikin gilashi, ya ce akwai mai kyamara uku.

Ƙanena lauya ne, na kai masa kuka. Ya ce a wurare da dama doka ba ta kama wanda ya buɗe wayarsa don amfanin kansa, amma kuma ba ta tilasta wa kamfani ya dube shi. Na ce to dokar da ta yarda in buɗe ƙofar ɗakina, ta kuma yarda magini ya rushe ɗakin a kaina, wa take karewa? Ya ce in yi haƙuri, Yaya. Haƙurin ne ban samu ba har yanzu.

Marigayiya ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da riga ta roba da ta tsage a kusurwa, da tsohon maigidanta da ba ya ganin lambar kowa. Ta riga ta tafi da hotunan jikokina da sunayen masu agogo talatin da ke rataye a bangon shagona, waɗanda nake roƙo su zo da kansu su nuna nasu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da la'asar a shagon maƙwabciyata. Gilashin marigayiya za a sa wa wayar mai shara da ta fashe, lasifikarta kuma ta direban da ke kai jikokina makaranta. Ƙwaƙwalwarta ba za a binne ba. Za ta zauna a aljihun teburina cikin akwatin agogo, ko Allah zai kawo wanda ya iya buɗe ta ina da sauran kunne.

Ana karɓar gaisuwa daga kowa. Wakilin kamfani kaɗai muke roƙo kada ya wahalar da kansa. In kuma ya nace sai ya zo, ya taho da muryar matata, ko ya tsaya a bakin titi.