Injiniya Na-Sani da Lambar da Ya Kankare

"Kwamfutar da za ta ƙi jin maganata ba a ƙera ta ba tukuna!" in ji Injiniya Na-Sani, waya a kunne, ɗaya hannun yana dukan ƙirji. "Ke dai Auta, kwaso laftof ɗinki ki zo. Minti biyu zan haɗa miki ita da wayifai ɗin gidan nan. In na wuce minti biyu, ki canza mini suna."

Abokina, bari in wanke kaina tun da wuri: ba ni na ba shi injiniyanci ba, makaranta ma ba ta ba shi ba. Tayil yake sayarwa a shagon wani. Wata rana rimot ɗin mai shagon ya ƙi aiki, gogan naka ya juya batiri, talabijin ta kawo, shi ke nan ya naɗa kansa. "Na-Sani" kuwa matarsa Malama ce ta ƙara masa, don tunda aka yi aurensu ba ta taɓa kai magana ƙarshe ba tare da ya tare ta da "na sani, na sani" ba.

Auta ƙanwar Malama ce. Shekararta biyu da gama karatun haɗa magunguna tana yawo da takardu, sai yanzu wani asibiti ya kira ta intabiyu ta bidiyo, ranar Asabar ƙarfe sha biyu na rana. An kuma gaya mata wanda ya makara ya sallami kansa. Intanet ɗin ɗakinta ba abin dogaro ba ne, shi ya sa ta kira mijin yayarta.

Shi kuwa wayifai ɗin nan, yadda ka san ɗan fari haka yake ji da shi. Ranar da aka kafa rautar, wato na'urar da ke ba da wayifai ɗin, shekara uku da suka wuce, sai da ya bi ƙofa ƙofa yana karanta wa maƙwabta lambar sirrin da ke manne a ƙarƙashinta, don dai a san ya ci gaba. Bayan mako ɗaya bidiyo ya ɗan tsaya masa a tsakiyar ƙwallo, ya ce ɓarayi sun cinye masa wayifai. Babbar wadda yake zargi ita ce Inna Tela, dattijuwar da ke ɗinki a ƙofar da ke kallon tasu. Ya canza lamba, ya ci gaba da canza ta duk wata. Ya raɗa wa wayifai ɗin sabon suna, ƁARAWO KA JI KUNYA, yadda duk wanda ya buɗe wayarsa a benen sai ya karanta. Sannan ya ɗauki wuƙa ya kankare takardar ƙarƙashin rautar tas, ya ce rigakafi ya fi magani. Ka riƙe wannan wuƙar a ranka.

Ƙarfe goma saura Auta ta iso, ta sha guga, laftof sabuwa fil siririya a jaka.

"Yaya, ka san fa tawa ba irin taku ba ce. Tsarinta daban ne."

"Na sani, na sani. Ta yayarki tsarinta daban, tawa daban, taki daban, to sai me? Duk awaki ne, launin fata ne kawai ya bambanta. Miƙo."

Ya zauna ya naɗe hannun riga. Ya nemi alamar wayifai a ƙasa inda ya saba gani, babu. Ya danna nan, kyamara ta buɗe ya ga hancinsa ya cika fuskar kwamfuta. Ya danna can, kiɗa ya tashi.

"A sama take, Yaya, ta dama."

"Na sani! Gwada lafiyar sifika nake yi."

Suna ya fito, ƁARAWO KA JI KUNYA. Ya ce wa Auta ta juya baya, ya ce wa Malama ta rufe ido, sannan ya buga lambar da ɗan yatsa ɗaya, harafi ashirin da shida. Laftof ta yi tunani, ta ce ba daidai ba. Ya sake. Ba daidai ba. Ya sake da ƙarfi, kamar ƙarfin danna ne ya yi kaɗan.

"Abban yara," in ji Malama, ido a rufe, "anya ba ta watan jiya kake bugawa ba?"

"Ni zan manta lambar da na haifa da kaina? Ba su saba ba ne. Baƙunta ce."

Ya sauko da rautar daga kan kabad, ya ajiye ta gab da laftof ɗin, ya karkato eriyoyin biyu suna taɓa murfinta, wai su gaisa. Aka tsaya ana kallonsu suna gaisawa har minti goma. Babu abin da ya faru.

"Na gano!" Ya daki tebur. "Gurbi ne ya cika. Sai wani ya tashi kafin baƙo ya zauna. Malama, kawo taki."

"Tawa lafiyarta lau, ina cikin shigar da makin ɗalibai."

"Minti ɗaya."

Ya janyo kwamfutar Malama, ya umarce ta ta manta da wayifai ɗin. Ita kuwa baiwar Allah mai biyayya ce, nan take ta manta. Ya koma kan ta Auta, ba daidai ba. Ya ce to bari ya mayar da ta Malama. Ita ma ta dube shi ta ce ba daidai ba.

"Garin neman gira," in ji Malama.

"Kar ki ƙarasa!"

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata. Auta ta fara kallon agogo tana murza yatsu. Ta ce ko ta jona da wayarta kawai. Sai dai gidan nan a hawan ƙasa yake, sabis ɗin waya ba ya shigowa sai sanda ɗaya tal, ita ma a tagar banɗaki, sai ka taka bokiti.

"Intabiyu a banɗaki? A gidan Injiniya? Allah ya sawwaƙe! Ai lambar tana ajiye cikin Tsohuwa."

Tsohuwa ita ce kwamfutarsa, mai nauyin buhun siminti, wadda ya sa wa wani tsari da ya sauke kyauta. Ba ya son ta don komai sai don baƙin allon nan da ake rubuta umarni, saboda in baƙi suka gan shi yana bugawa sai su ɗauka jirgin sama yake saukarwa. Ya buɗe allon. Akwai wani umarni da ya taɓa gani, ya tuna rabinsa, ya cike sauran da ƙarfin hali. Tsohuwa ta yi masa doguwar tambaya, ta ce ya tabbata? Bai karanta ba, ya ce ya tabbata. Rubutu ya yi ta gudu. Da ya tsaya, lamba ba ta fito ba, alamar wayifai ɗin ma gaba ɗaya ta ɓace daga Tsohuwa.

Gumi ya karyo masa ta ƙeya. Kwamfuta uku a kan tebur, kowace da yarenta, amma yau bakinsu ya zo ɗaya.

"Yaya," in ji Auta, "shekara biyu fa. Shekara biyu nake jiran yau."

Wallahi a nan na tausaya mata, har shi ma na ɗan tausaya masa, don na san ba mugu ba ne, baki ne ya yi masa yawa. Da mai hankali ne, da a nan zai tsaya. Amma sai ya miƙe ya gyara wando.

"Yanzu za ku ga aikin manya. Malama, ba ni allura."

A bayan rautar akwai wani ɗan rami da ake sokawa ta koma yadda ta fito daga kamfani. Ya soka, ya danne, ya ƙirga goma da ƙarfi. Fitilu suka ɗauke, suka dawo. Talabijin ɗin falo da ke ta surutu ta yi tsit. Wayarsa ta fita, ta Malama ta fita, injin firinta ya hau ƙyafta jar fitila.

"Shi ke nan! Ta manta komai. Yanzu lambar kamfani za mu sa, tana nan a ƙarƙa..."

Ya kifa rautar. Ya ga farin wuri fes, sai sawun wuƙa.

Ido ya raina fata. Ya dubi rauta, ya dubi Malama, ya sake duban rauta ko rubutu zai tsiro. Da gudu ya faɗa banɗaki, ya taka bokiti, ya cusa hannu ta taga ya kira kamfani. Wata mai sanyin murya ta ɗauka.

"Ba matsala, yallaɓai. Juya na'urar, za ka ga takarda a ƙarƙashi."

"To a ce, misali, wani ya kankare ta fa?"

"Wane ne zai yi haka, yallaɓai?"

"Wani ne dai."

"To ka san lambar da ke jiki?"

Ya waiga ƙofa. Sannan a hankali, karo na farko a rayuwarsa, ya ce, "Ban sani ba."

"Me ka ce?" in ji Malama daga bayan ƙofa. "Maimaita, ban ji da kyau ba!"

Ta kamfani ta ce za a turo ma'aikaci ranar Talata. Bokiti ya ce shi ma ya gaji, ya fashe, Injiniya ya sauka a zaune cikin ruwan wanki.

Sha biyu saura minti goma ya fito, wando yana ɗiga. Auta ta kifa kai a tebur tana kuka. Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Inna Tela ce, tef ɗin awo a wuya, tsohuwar wayarta mai fasasshen gilashi a hannu, wata mata a ciki tana koyar da yankan hannun riga, hoto tar ba ya ko tsayawa.

"Ɗana, godiya na zo yi! Ina zaune sai na ji waya tana ta ƙara, saƙo na shigowa. Na duba, ashe tsohon sunan nan ya dawo, ta shiga da kanta. Na ce Allah ya shirya yaron nan, ya daina kiranmu ɓarayi."

Malama ta dafe ƙirji. "Inna, kina da lambar farko?"

"Wadda ya karanta mini da bakinsa? Ai tela ba ya yar da awo."

Ta leƙa ɗakinta ta dawo da littafin awo mai naɗaɗɗen gefe. Ta lashi yatsa, ta buɗe, ta buɗe. Ga ta nan, tsakanin ƙugun wata mata da kafaɗar wani ango. Ta ɗora tabarau, ta ja kujera, ta ce wa Injiniya, "Juya baya." Ya juya. Ta karanta wa Auta a kunne, harafi takwas kacal. Laftof ta shiga ba gardama. Ta Malama ma ta shiga.

Sha biyu saura minti biyu fuskokin masu intabiyu uku suka bayyana a laftof. Auta ta share ido ta yi sallama. Malama ta tura mijinta kicin ta rufe, don kada jiƙaƙƙen wando ya gifta a kyamara. A can ya yi minti arba'in a tsaye tsakanin firji da tsintsiya.

Ihun Auta ne ya fito da shi. Sun ce ta kawo takardunta ranar Litinin. Ta rungume yayarta, ta rungume Inna, sannan ta juyo.

"Yaya, alkawari kaya ne. Awa biyu ka yi, ba minti biyu ba. Daga yau sunanka Injiniya Ban-Sani-Ba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai da ma soka allurar ne ya gyara komai, shiri ne. Da Inna ta miƙe za ta tafi, ya bi ta har bakin ƙofa, waya a hannu, ya rage murya.

"Inna, don Allah ɗan ara mini littafin in kwafi lambar. Tawa wayar ba ta shiga ba."

Inna Tela ta soke littafin a hammata, ta dube shi ta saman tabarau.

"A'a, ɗana. Ba a raba lambar sirri haka kawai, kai ka koya mini. Ɓarayi sun yi yawa a gidan nan."