Yadda Za Ka Kare Cikin Matarka Daga Tururin Waya

Kai mai jiran haihuwar fari, matso kusa. Matakai biyar ne, kuma aikinsu kamar yankan wuƙa. Mijin ƙanwata, wani tela, ya bi su sau da ƙafa, har yau unguwa ba ta gama zancensa ba.

1. Nemi ilimi
Kada ka tambayi likita, me ya sani? Wuni za ka yi da waya a hanci kana kallon bidiyon da ke cewa waya tana dafa ƙwaƙwalwa.

2. Sayi kariya
Akwai 'yar sitika mai ƙyalli kamar takardar alewa. Mai tebur a bakin titi zai rantse maka tana shanye tururi tas. Manna uku. In ka lura tasa wayar ba ko ɗaya, kawar da kai.

3. Kafa doka a gida
Ƙwace wayar mai ciki, jefa a gwangwanin biskit, danna kwaɗo. In ta ce, "Haba maigida, na shiga watana fa, in abu ya taso ina ni kaɗai?" ka ce, "Lafiyar ɗana nake karewa." Sannan kunna sigarinka a tsakar ɗaki, ka huce takaici.

4. Yi wa maƙwabci wa'azi
Maƙwabcinka direban nan da ke sa waya a aljihun ƙirji, gaya masa a gaban mutane cewa gawa ce ke tafiya.

5. Tafi aiki da makullin gwangwanin
Taka wayar ma kashe ta, ka rataye ta can bayan shago. Haka tela ya yi ranar da naƙuda ta kama ƙanwata da hantsi. Da murfin tukunya baiwar Allah ta dinga dukan bango har matar direba ta ji, ta kira mijinta a waccan wayar ta aljihun ƙirji. Gawar ce ta kai ta asibiti. Kira goma sha ɗaya aka yi wa gogan, yana can yana wayar da kan kwastoma.

Sai la'asar ya iso, gumi sharkaf, makulli a wuya. Jaririya lafiya lau. Ya miƙa hannu zai ɗauka, ƙanwata ta janye 'yarta.

"Tsaya daga nan, maigida. Warin taba kake yi, kuma likita ta ce shi ne ke cutar da ita."

Gargaɗi
Ni dai shawara na bayar, ban ɗaura wa kowa ba. In taka ta ƙare haka, babu ruwana, kuma kada ka wahalar da kanka da kira. Tawa wayar tana cikin gwangwani.