Ƙarar da Ta Tsayar da Motar Maigatari

Tun da motarmu ta kife a hanyar Gagarawa, ko hon na ji sai jikina ya ɗauki rawa. Anti Ladi, nas a Gumel, ta koya mini dafe ƙirji, in ja numfashi, in sake shi ina "mmm" kamar ƙudan zuma. Na ƙware, har ina ji da kaina.

Ranar da na sake shiga mota, na runtse ido na dage da "mmm" ɗina. Sai direba ya gangara gefe, ya buɗe bonet yana kasa kunne.

"Malam, ba injinka ba ne," in ji wata tsohuwa. "'Yar nan ce."

Allah ya saka wa Anti da alheri, na isa Maigatari jikina bai yi rawa ba. Amma har yau 'yan tasha cewa suke, "Inji, a ƙara miki mai?"