Yadda Za Ka Sama Wa Matarka Masauki A Bakin Teku, Bisa Tafarkin Hashim Mai Mukayyif

Kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, ka taki sa'a. Duk magidancin da ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, tabbas zai kwana a ɗakin da ya fi kowane kusa da ruwa, kuma aurensa zai dawo gida da ƙafafunsa. Babu kokwanto, domin an gwada su a kan mutum mai rai, Hashim mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Kurayyat, haifaffen Jidda, jikan wasu mahajjatan Katsina da suka zo suka ga wurin zama. Yana nan lafiya lau, in ban da ɗan ciwon baya. Gyara zama.

Mataki na ɗaya: Yi alkawari kafin ka yi tunani

Kada ka tsaya bincike, bincike yana kashe zuciya. Hashim bai yi ba. Wata Talata da la'asar ya shigo gida ya tarar da matarsa Mastura ta taso daga asibitin da take aikin jinya, ko takalmi ba ta cire ba tana tsaye a kan tukunya. Wayarta na ajiye a kan firij, a buɗe, da hoton wata bukka a tsakiyar ruwa shuɗi shar a tsibiran Maldif. Shekara goma sha biyu da aurensu, ƴaƴa uku, ga mahaifiyarsa da ƙanwarsa a gida ɗaya, ba su taɓa zuwa ko'ina su biyu ba. Tausayi ya kama shi, shi kuwa tausayi in ya kama namiji bakinsa yake fara kwancewa. Ya ce ta nemi hutun kwana uku a ƙarshen wata, zai kai ta bakin teku, su biyu rak.

Mastura ta juyo da muciya a hannu, ta daɗe tana kallonsa. Ta kira shi da sunan ƴarsu ta fari, ta ce, "Abu Areej, kada ka faɗi abin da zan sa rai a kansa."

Ya rantse. Washegari ta cike takardar hutu. Ka ga ke nan hanyar gudu ta toshe, abin da ake so ke nan.

Mataki na biyu: Matso da tekun kusa

A shago Hashim ya duba farashin Maldif. Ya kashe wayar, ya yi salati, ya sha ruwa. Sai Allah ya tuna masa cewa a bakin teku aka haife shi. Kai ma ka riƙe wannan hikima: ruwa ruwa ne, gishirin Maldif bai fi na Bahar Maliya zaƙi ba. Nan take ya karkata zuwa Abhur, arewacin gari, inda ake ba da hayar shale, wato ƴan gidajen shaƙatawa na bakin ruwa. Daɗi ya kama shi har ya yi wa wani kwastoma gyara yana waƙa.

Mataki na uku: Koyi yaren masu haya

Masu shale ba sa ƙarya, yarensu ne daban. Hashim ya ɓata Asabar guda yana koyonsa.

Na farko an rubuta "ana hango teku". Gaskiya ne. Mai gidan ya kai shi banɗaki, ya kifa masa bokiti ya ce ya hau. Ta ƴar tagar sama, tsakanin tankin ruwa da bangon maƙwabci, ga wani shuɗin abu kamar faɗin tafin hannu. Na biyu an ce "taku kaɗan zuwa ruwa". Hashim ya taka har rigarsa ta jiƙe sharkaf, ya juyo bai ga ruwan ba, ya gane takun raƙumi ake nufi. Na uku ya yi kyau a hoto, da itatuwan kwakwa a tsakar gida. Da ya jingina da ɗaya sai ta faɗi, ashe roba ce.

Yana zaune a mota a gajiye ya kira lamba ta huɗu. Wani mai suna Bandar ya ɗauka, murya kamar zuma, ya ce yana da ɗan ƙaramin shale wanda in ka miƙe ƙafa daga ƙofa sai ta jiƙe. Hashim ya kama shi nan take ba tare da ya je ba. Ka yi koyi da shi. Masaukin da ba ka gani ba shi ne kaɗai marar aibu.

Mataki na huɗu: Riƙe sirri, ka faɗa wa mutum ɗaya kacal

Dole a bar yara wurin wani, don haka Hashim ya sanar da mahaifiyarsa, Hajiya Zinariya. Ta sa masa albarka, sannan ta shafa gwiwarta ta ce dama likita ya ce iskar teku ce maganinta. Wane ɗa ne zai buɗe baki a nan? Kafin magariba ƙaninta Kawu Garba mai tsire ya ji, ya ce ba zai bari yayarsa ta yi tafiya ba nama ba. Matar Kawu ba ta zama ita kaɗai. Ƙanwar Hashim ta gayyaci ƙawarta. Ranar Laraba lissafi ya kai mutum goma sha huɗu.

Ya kira Bandar ya ce ko akwai babba. Bandar ya ce mafi mushkila, wato ba matsala, akwai, sai dai yana ɗan baya kaɗan.

Sai ranar Alhamis da safe Hashim ya iya faɗa wa Mastura. Tana cikin naɗe wata sabuwar doguwar riga mai ruwan toka da ta saya don tafiyar. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ajiye rigar, ta shiga kicin ta sauko da babbar tukunya, ta fara ƙulla kuka da daddawa. Hashim ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kamar ƙasa ta tsage. A ransa ya san in tafiyar nan ta tafi a haka, ba za ta ƙara yarda da rantsuwarsa ba.

Mataki na biyar: Loda mota

Tukunya a ƙasa, gawayi a sama, Kawu a gaba. Akwatin kayan aikinka kuma ka ce ka manta shi ne a but.

Mataki na shida: Kada "ɗan baya kaɗan" ya razana ka

Shalen yana layi na huɗu. Ana jin ƙarar teku daga nan, in yara sun yi shiru, su kuwa ba su yi ba. Aka buɗe ƙofa, zafi ya fito ya tarye su kamar daga tanda. Mukayyif ɗin ya mutu murus. Hajiya ta zauna a kan jaka tana fifita da murfin kwano, ta tambaya ko wannan ce iskar tekun.

Hashim ya saci kallon Mastura, ya lallaɓa but ɗin mota. Cikin minti ashirin sanyi ya fara sauka, yara suka yi ihu, Kawu ya yi masa kirari. Bandar, wanda ya zo ba da haƙuri, ya tsaya baki buɗe. Ya kama hannun Hashim biyu-biyu ya ce Allah ne ya aiko shi: akwai wasu mukayyif shida da suka mutu a layukan gaba, mai yi masa gyara ya kashe waya, baƙi suna barazanar kwashe kayansu. Hashim mutum ne mai kunya. Har ya buɗe baki zai ce ba komai, don Allah zai yi.

Mataki na bakwai: Yi shiru matarka ta yi ciniki

Wannan shi ne mafi wuya, domin ba a koya wa maza shi.

Mastura ta fito daga kicin tana goge hannu. Da Larabcin Hijaz mai santsi, irin wanda take lallashin marasa lafiya masu taurin kai da shi, ta gaya wa Bandar cewa mijinta hutu ya zo, ba ya taɓa sukundireba yau. Bandar ya roƙa. Ta ce to, ɗan ƙaramin shalen nan na bakin ruwa, yana nan? Ya ce yana nan. Yana da ƙofar da ake kullewa ta ciki? Yana da ita.

"Makullinsa, kwana biyu," in ji ta. "Shi kuma zai yi maka aiki zuwa la'asar, halas, shi ke nan. In wani daga gidan nan ya tambaye ka inda muke, ka manta Hausa."

Bandar ya ce ai dama ba ya jin Hausa. Ta ce yauwa, ya ci gaba da haka.

Sannan ta durƙusa gaban surukarta ta miƙa mata muciya, ta ce, "Umma, ga tukunya, ga kuka a jakar nan. Yara sun daɗe suna kewar tuwonki." Hajiya ta dubi muciyar, ta dubi ɗanta, sai ta fashe da dariya ta ce su tashi su ba ta wuri, yalla.

Hashim ya hau tsani kamar ɗan shekara ashirin. Ɗaya, biyu, uku, yana gyara yana rera waƙa, baƙi suna miƙo masa shayi da dabino. Na shida ya ba shi wuya, amma kafin kiran la'asar shi ma ya sallama.

Mataki na takwas: Ji daɗinka

Bandar bai yi ƙarya ba. Ruwa na lasar matakalar ƙofa, garai-garai, ana ganin ƴan kifaye a ƙasa. Mastura ta sa doguwar rigarta. Bandar ya aiko da tire na sayadiyya, shinkafa ja da manyan soyayyun kifi biyu. Hashim ya yi wanka, ya yi salla, ya zauna a kujerar bakin ruwa ya ce bari ya ɗan miƙe baya na minti biyu kafin su ci.

Da ya buɗe ido rana ta kusa faɗawa ruwa. Ya zabura, ya fara ba ta haƙuri, yana cewa ya kawo ta hutu ya bar ta zaune ita kaɗai kamar marainiya. Mastura na zaune a matakala, gefen rigarta a jiƙe, fuskarta na sheƙi. A tiren babu komai sai ƙayoyi biyu, an tsotse su tas.

"Kada ka ɓata mini rana da ban-haƙuri, Abu Areej," in ji ta. "Rabona da in ci kifi da zafinsa, a zaune, daga kai har wutsiya, tun ina gidanmu. Naka ma ya yi daɗi."

Ta matsa masa wuri a matakalar. Ya zauna da yunwarsa, yana dariya har da hawaye.

Gargaɗi

Mai wannan takarda ya wanke hannunsa tas. In ka bi matakan nan matarka ba ta iya ciniki ba, ko mahaifiyarka ta ƙi karɓar muciya, ko ka tsinci kanka a kan bokiti a banɗakin mutane, tsakaninka da Allah ne. Haka nan duk wanda ya kwashi dangi goma sha huɗu ya nufi wurin Bandar da sukundireba a aljihu, ya sani tun yanzu cewa mukayyif ɗin Bandar bakwai duk suna aiki lafiya lau. Hashim ba ya gyaran wasa.