Oga Mukullai da Buhun Siminti

Idan ana lissafin mazajen da suka iya riƙon gida, dole a sara wa wakilin benenmu, wanda ya raɗa wa kansa suna Maganin Ƴan Haya. Mu dai Oga Mukullai muke ce masa, saboda damin mukullan da ke lilo a ƙugunsa, rabinsu ba sa buɗe komai. Mai gidan ya ba shi ɗakunan ƙasa kyauta bisa sharaɗi guda: ya karɓo kuɗin haya, in ya kasa ya bar kujerar.

Sai Allah ya haɗa shi da wata tela a hawan ƙarshe, uwar yara rututu, da ta rantse ko sisi ba za ta bayar ba sai an gyara rufin da ke yoyo a kan kekenta. Ya hau ya zazzare ido, ta miƙo masa kujera. Ya cire mata ƙwan fitilar baranda, ta yi godiya, wai dama ƙwari yake tara mata.

Ya tara mu a gindin matakala, ya karkata hula.

"Jama'a, ni ba na cacar baki da mace, ilimi nake sa wa abu. Yau zan toshe mata bututu, ta yi wanki mu ga inda ruwan zai bi."

Matarsa ta buɗe baki, ya ce harkar gini ba tata ba ce. Da hannunsa mai albarka ya kwaɓa siminti, ya ɗura a gindin babban bututun da ke bayan benen.

Ruwa kuwa ya nuna masa inda zai bi. Tela ta yi wankinta, mu ma muka yi namu, duka ya gangaro ya tarar da hanya a rufe, ya ɓulla ta banɗakin Oga ya malale falo. Mai gidan ya iso ya same shi da wando a naɗe, yana kamun takalmansa cikin kumfa. Wallahi na so in tausaya masa, dariya ta hana ni.

A take aka karɓe mukullan, aka yanka masa haya kamar kowa. Wata ya ƙare, Oga ya ce ba zai biya ba sai an gyara masa ɗaki. Sabuwar wakiliya, wato telar nan, ta sauko daga hawan ƙarshe, mukullai na lilo a ƙugunta, ta tambaye shi ko siminti ya rage.