Kanwar da Na Sa Auta Ya Zuba

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin jikata Rabi, ko da yake na roƙi Allah sau da yawa Ya mantar da ni. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka sake tashi, ga shi babu wutar lantarki, dole kowane gida a Kankara yana ƙarar janareta. Ni kuwa an san ni a unguwa: in na yi gyaran murya, har awaki natsuwa suke yi.

Dangin ango mutanen Sabuwa ne, uwar angon kuma, Hajiya Turai, irin matan nan ce da ke shigowa gidanka suna duba kwanukanka da wutsiyar ido. Na ƙudurta sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Autana, wanda ke aikin kwamfuta a Zariya, ya ce zai haska hotunan amarya da na dangi a bango da majigi.

Da hantsin ranar wuni ya gwada mini. Hoto ya fito, ya tsaya, ya yi ta tunani kafin wani ya biyo.

"Mi ke nan? Ciwon ƙafa gare shi?"

"Inna, kwamfutar ce ta tsufa. Manhajar nan ɗanya na samo ta, rubutu zalla, kamar wake a buhu. Akwai wata da ke dafa ta, na kuwa dafa yadda kowa ya saba. Akwai sabuwar hanya mai sa ta gudu, amma masu ita da kansu sun ce gwaji ce."

"Kanwa ke nan," na ce. "Zuba."

"Ba a san ƙarfinta ba, Inna. Tana iya ɓata girkin."

(Ni da ko allon boko ban taɓa riƙewa ba, na dubi mai digiri na ce tun ba a haife shi ba nake dafa wake.) Ya zuba. Da ya nemi ya sake gwadawa, motar Sabuwa ta riga ta tsaya a ƙofar gida, na kore shi ya je ya shimfiɗa tabarmi.

Bayan la'asar aka tara mata a babban ɗaki, aka rufe tagogi. Na zaunar da Hajiya Turai a gaba, na ce, "Hajiya, ki riƙe gyalenki, namu ba ya nawa."

Hotuna suka fara wucewa fes-fes, mata na guɗa. Sai suka ƙara gudu. Kafin ka ce ga Rabi, ta wuce. Can abu ya yi tsaye cak, a kan hoton da na ɗauka na dawowa Makka, guda ɗaya tak da na taɓa yin murmushi a rayuwata. Fuskata ta baje ta cika bango, ta koma koriya kamar miyar kuka, haƙorin Makka ya kai girman faifai.

Wata 'yar jikar Hajiya Turai ta ƙwalla ƙara: "Dodo!"

Auta ya danna nan, ya danna can, kwamfuta ta ƙi ji. Maimakon in ce a kashe janareta, sai na tashi na tsaya gaban hasken na baza mayafi, wai in rufe. Haƙorin nan ya sauka daidai tsakiyar cikina, yana ƙyalli.

Hajiya Turai ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Gaskiya, Hajiya, naku ba ya nawa."

Abin da ya ƙarasa ni, Auta ya durƙusa ya ce, "Ku yi haƙuri, iyaye, kuskurena ne." Ya sake dafa manhajar yadda aka saba, hotuna suka dawo da tafiyarsu ta masu ciwon ƙafa, aka kalla lafiya.

Har yau in na je Sabuwa yara na leƙo ni suna jira in buɗe baki. Ni kuma na koyi abu ɗaya: in mai tukunya ya ce bai san ƙarfin kanwarsa ba, sai in gyara zama in jira wake ya dahu da kansa.