Hayaƙin Da Ke Tashi Bayan La'asar

"Lafiya lau, sai dai ganinki da rana tsaka," in ji Kaka, yana gyara zama a kujerarsa ta bakin taga. "An koro mini amarya daga aiki ke nan?"

"Ta ina za a kore ni, ango mai haƙori huɗu? Kai na zo in ɗaure."

Jikarsa ce, wadda ke aiki a ofishin da ake duba hotunan tauraron ɗan'adam, ana bin sawun hayaƙin gobarar daji da ƙurar hamada. Shi kuwa tsohon direban babbar mota ne, shekara uku ke nan da likita ya ce ƙirjinsa ya gaji, ya raba shi da sigari.

Ta ajiye takunkumi da sabon maganin shaƙa a kan tebur, ta buɗe masa kwamfuta. Ta nuna wani jan ɗigo a bayan duwatsu, da farin zare da ya miƙe daga jikinsa yana ƙara faɗi. Ta ce daji ne ke ci tun shekaranjiya, in iska ba ta juya ba, kafin azahar ɗin gobe hayaƙin zai rufe unguwarsu, ga ƙura kuma na biye da shi. Kwana uku ba fita, ba buɗe taga, ba hawa rufi wajen tantabarunsa.

Kaka ya matso da tabarau, ya ce shi dai shayi ya gani an zubar a kan allo. Ya ce shekara arba'in yana kan hanya, tun saura kwana biyu hancinsa ke shaida masa ƙura na tafe.

"Hancin da bai ji ƙauri ba ranar da ka kusa ƙone mana kicin?"

"An rasa wanda za a ba amanar sama sai wadda har ta kai aji uku tana sa takalmi a juye."

"Ka yi ta musu. Tauraron nan ba hayaƙin da ke wuce masa. Jiya ma sai da oga ya kira ni. Wai akwai wani siririn hayaƙi da ke tashi daga wani rufi, kullum bayan la'asar, daidai kejin tantabaru."

Kaka ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, ya ce janareton maƙwabci ne, ya sha yi masa magana.

"Janareto mai hula da furfura?"

Uwarta yake tunani, 'yarsa ta fari, wadda ta kwana tara a gefen gadonsa a asibiti tana kuka. Ya rage murya ya tambaya ko hoton ya fita. Ta ce sai gobe da safe, kuma a hannunta yake.

Ya tashi da ƙyar, ya buɗe bayan tsohuwar rediyonsa inda ake sa batir, ya zaro kwalin sigari ya ajiye gabanta.

"Kara ɗaya ne a rana. Ki ce wa ogan naki an kashe gobarar."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce tauraron ko hayaƙin motarsa ba zai gani ba, balle na kara ɗaya. Warin hularsa ne ya tona shi tun da ta durƙusa gaishe shi, sai kuma 'yar ƙunar da ke gaban rigarsa.

"Amma gobarar gaskiya ce, Kaka," ta ce, ta daina dariyar. "Ba na son in sake ganinka da robar iska a hanci."

"Na sake ki, maƙaryaciya. Tattara ki tafi gidanku."

"Sai ka gama kwana ukunka a ɗaki, in ya so ka rubuto takardar."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ta miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya laluba aljihu, ya fiddo makullin ƙofar rufi ya sa mata a tafin hannu.

"Safe da yamma ake ba su, hatsin na bayan ƙofa," ya ce. "In kin ga wani kwali a ƙarƙashin buhun, na tantabarun ne."